Ya turo mini waƙar da rabinta yabo ne, rabinta labarin tsohuwar budurwa: me take nufi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wanda zai aure ni ne ya turo mini wata waƙa ta WhatsApp da daddare, bai rubuta komai a ƙasanta ba. Baitin farko yabon sabuwar masoyiya ne, mawaƙin yana cewa tun da ya same ta barci ya dawo masa. A baiti na biyu sai ya koma labarin wata da ya daɗe yana nema, har an kai kayan sa rana, daga baya aka dawo da kayan, ta auri wani. A na uku yana cewa idan sabuwar ta yi dariya, dariyar waccan yake ji, sai gabansa ya faɗi. Amshin kuwa roƙo ne: kada ki yi mini abin da aka yi mini. Na san shi ma an taɓa fasa aurensa. Shin waƙar tana nufin har yanzu waccan ce a ransa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Tambayoyi biyu kika haɗa a guda, gara mu raba su tun da wuri. Akwai abin da waƙar take nufi, akwai kuma abin da mai turo ta yake nufi. Na farkon aikin nazari ne, kuma abin da kika kawo ya isa a yi shi. Na biyun yana bakin mutum ɗaya ne kawai, sai dai zan nuna miki hanyar da za ki bi ki ji daga gare shi.

Hukuncina a kan waƙar shi ne: waƙar tsoro ce. Mai begen tsohuwar masoyiya ba haka yake tsara magana ba. Ga dalilaina.

Duk mai son gane inda waƙar Hausa ta dosa, amshi zai fara dubawa. Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, suna kiran babban saƙon waƙa da turke, wato wurin da aka ɗaure ta, duk yawon da za ta yi ba za ta wuce tsawon igiyarta ba. A rubutacciyar waƙa jigo ake cewa. A waƙoƙin soyayya na zamani, waɗanda ake bugawa da fiyano a sitidiyo, turken kusan kullum a cikin amshi yake kwance, kuma akwai dalilin sana'a da ya sa haka. In kika leƙa sitidiyon da ke wajejen Zoo Road a Kano, abin da za ki fi gani shi ne mawaƙi ya shigo da amshinsa a ka, ya rera wa makaɗi sau biyu ko uku, makaɗin ya lalubo karin a kan fiyano ya ɗora ganga, sannan a zauna cike baitoci. Wani baitin ma a tsaye gaban makirfo ake ƙarasa shi, a sauya kalma don amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, ya zauna. Baiti yana iya zama ciko. Amshi kuwa shi ne abin da ya taso da mawaƙin daga gida, shi za a maimaita sau biyar ko shida, shi ne kuma zai maƙale a kan mai sauraro. To amshin wannan waƙa da wa yake magana? Da sabuwar. Me yake nema? Kada a sake. Ba ya kiran waccan, ba ya cewa ta dawo, ba ya ma tambayar me ya sa ta tafi.

Sai ki dubi yadda ya ambaci waccan ɗin a cikin amshin. Bai ce abin da ta yi mini ba, cewa ya yi abin da aka yi mini. Wannan "aka" ɗin Bahaushe yana amfani da ita idan bai san mai aikin ba, ko ya sani amma ba ya son kama suna, ko kuma mai aikin bai dame shi ba kamar yadda aikin ya dame shi. Mutumin da aka yi wa sata yakan ce an shiga ɗakina, don asarar ce a gabansa. Mawaƙin ya san sarai wadda ta yi, tunda ya ba da labarinta a baiti na biyu, amma a wurin da zai maimaita sau da yawa sai ya shafe ta ya bar aikin tsirara. Sannan "aka" tana da faɗi: ta ɗauki yarinyar, ta ɗauki iyayenta da suka karɓi kaya suka mayar, ta ɗauki wanda ya shigo daga baya, har da 'yan unguwar da suka yi ta yaɗa maganar. Fasa aure bayan sa rana a ƙasar Hausa ba abin mutum biyu ba ne. An raba goro da alewa, kawunnai sun je sun zauna a zaure, an yi addu'a an shafa, abokai sun fara maganar anko. Ranar da aka dawo da kayan, a gaban duk waɗannan mutanen aka dawo da su. Kaso mai yawa na wannan ciwo kunya ce, kuma kunya tana iya daɗewa a jikin mutum bayan son ya mutu murus.

Baiti na biyu yana ƙarfafa wannan. Yadda kika kawo shi, jerin aukuwa ne: ya nema, an kai kaya, an dawo da kaya, ta yi aure. Babu idonta, babu tafiyarta, babu kalamanta masu daɗi, babu irin turaren da take sawa. Wannan babbar alama ce. Bege da siffa yake tafiya. Mai bege ba ya iya ba da labari a miƙe, sai ya tsaya a hanya yana kwatanta. Duk siffar da ke cikin waƙar nan a baitin farko take, kuma sabuwar aka ba wa. Waccan labari kawai ta samu, irin wanda mutum zai bayar a gaban alƙali.

Akwai kuma abin da nake so ki koma ki saurara da kunnenki, domin taƙaitawa takan ɓoye shi. Ki bi kalmar "ke" da "ki" daga farkon waƙar zuwa ƙarshe, ki tabbata mutum ɗaya suke nuni. Akwai waƙoƙin da mawaƙi zai fara da "ke" yana nufin sabuwar, can a tsakiya, ba tare da sanarwa ba, sai "ke" ta koma kan tsohuwar: kin tuna ranar kaza, me na yi miki. Malaman balagar Larabci suna kiran irin wannan juyi iltifati. Idan ya faru a waƙar soyayya, to mawaƙin ya juya wa sabuwar baya a tsakiyar hira ya fuskanci wata. A abin da kika kawo, "ke" ba ta bar sabuwar ba ko sau ɗaya, waccan kuma ba ta wuce "ita" ba. Haka nan ki kula da lokaci. "Na so ta" daban, "ina son ta" daban, kuma mawaƙan da suka san aikinsu ba sa musanya su don gyaran kari kawai.

Yanzu baiti na uku, wanda na tabbata shi ne ya hana ki barci, kuma shi ne mafi kyawun abin da ke cikin waƙar. Idan ta yi dariya, dariyar waccan yake ji. Da a nan ya tsaya, da na ce miki akwai matsala. Amma ya ƙarasa: sai gabansa ya faɗi. Bai ce sai ransa ya yi sanyi ba, bai ce sai ya yi murmushi ba. Faɗuwar gaba amsar jiki ce ga haɗari. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, kuma ba wanda zai ce gudun nan kewar maciji ce.

Sai dai karin maganar bai kai zurfin baitin ba, domin tsumma ba abin so ba ne, dariyar masoyiya kuwa abin so ce. Abin da mawaƙin ya kama, wanda ya sa na ce ya iya waƙa, shi ne cewa daɗin da kansa ya zama abin tsoro. Ki duba lissafin da ke zuciyarsa. Waccan ma ta yi masa dariya. A lokacin ya ɗauki dariyar shaida ce ta so, ya gina a kanta, ya kai iyayensa. Ta tabbata shaidar ba ta hana komai ba. Yanzu ga wata dariyar, ga irin wancan daɗin yana tasowa, ga irin waccan natsuwar da ke ce masa wannan kam taka ce. To ai muryar nan ta taɓa gaya masa haka. Abin da ya rasa a karon farko ya fi budurwa, ya rasa yarda da ganin idonsa. Mutumin da aka yaudara yana iya yafe wa wadda ta yaudare shi, ya ma manta kamanninta, amma ya kasa sake amincewa da kansa a matsayin mai iya gane gaskiyar mutum. Shi ya sa a irin waɗannan waƙoƙi yabo da fargaba suke hawa tare. Da sabuwar ba ta kai masa har zuci ba, da babu abin da zai ji tsoron rasawa, da kuma bai yi waƙar ba.

Masu nazarin halayyar ɗan Adam sun auna wani ɓangare na wannan. Susan Andersen ta Jami'ar New York ta yi gwaje-gwaje tun shekarun 1990, inda ake kwatanta wa mutum wani baƙo da 'yan siffofi masu kama da na wani da ya taɓa zama muhimmi a rayuwarsa. Daga baya in aka tambaye shi, sai ya riƙa jingina wa baƙon halayen da ba a taɓa gaya masa ba, waɗanda na wancan tsohon ne. Kama kaɗan ta isa ta jawo sauran. A 2011 kuma Ethan Kross na Jami'ar Michigan da abokan aikinsa suka ɗauki mutum 40 da aka rabu da su ba da son ransu ba a cikin wata shida da suka wuce, suka sa su a na'urar hoton ƙwaƙwalwa. Wani lokaci a nuna musu hoton wanda ya rabu da su, wani lokaci a ɗora musu zafi a hannu. Sassan ƙwaƙwalwar da suka motsa a yanayin biyu sun haɗu a wurare da dama. Wato idan mawaƙanmu suna maganar ciwo da tabo da fami, ba su yi nisa da abin da ke faruwa a jiki ba. A Amurka aka yi waɗannan binciken, a kan mutanen da tsarin neman aurensu ba irin namu ba ne, amma faɗuwar gaba ba ta da ƙabila.

Don ki ga bambancin da kyau, bari in nuna miki yadda maganar take idan da gaske tsohon so ne ya rinjayi sabo. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili ba a waƙa ma yake ba, yana cikin Bukhari da Muslim, a hadisin da aka sani da hadisin Ummu Zar'in, wanda Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarinsa. Mata goma sha ɗaya suka zauna suka yi alƙawarin ba za su ɓoye komai na mazajensu ba. Ta ƙarshensu, Ummu Zar'in, ta yi ta yabon Abu Zar'in: yadda ya cika kunnuwanta da ado, yadda ya ɗauke ta daga gidan masu 'yan tumaki ya kai ta gidan dawakai da raƙuma, ta yabi uwarsa, ta yabi ɗansa da 'yarsa, har baiwarsa sai da ta yaba. Sannan ta ce ya fita wata rana ya ga wata, ya saki ita Ummu Zar'in ya auri waccan. Ita ma ta auri wani mutumin kirki mai dukiya, ya ba ta daga kowane irin dabba biyu-biyu, ya ce ta ci ta kuma ba danginta. Sai ta rufe da cewa da za ta tara duk abin da ya ba ta, ba zai cika mafi ƙanƙantar ƙwaryar Abu Zar'in ba. Ki lura da rabon maganar. Wanda ya sake ta ya samu siffa daki-daki har da mutanen gidansa, sakin kuma a jimla ɗaya ta wuce shi ba tare da zargi ba. Wanda yake tare da ita ya samu 'yan layuka, ƙarshensu kuma awo ne da ya faɗi. Wannan shi ne zubin bege. Waƙar da aka turo miki juyin wannan ce: siffa ga ta yanzu, jimloli busassu ga ta da, kuma babu inda aka ɗora su a sikeli.

Wannan jigo tsoho ne ƙwarai. Ɗaliban zaure da suka karanta waƙoƙin jahiliyya sun san yadda Imru'ul Ƙaisi, a ƙarni na 6, ya buɗe shahararriyar waƙarsa da ake kira mu'allaƙa da tsayawa a kufai yana kuka, sannan 'yan baitoci kaɗan a gaba ya tuna wa kansa cewa haka ya sha a kan Ummul Huwairis kafin wannan, da maƙwabciyarta Ummur Rabab. Kuka ɗaya yana tayar da na bayansa. A zamanin Abbasiyawa kuma Abu Tammam ya yi baitin nan da ya zama kamar karin magana a wurin Larabawa, cewa ka kai zuciyarka duk inda ka ga dama, so dai na masoyin farko ne. Ban yarda da shi ba, kuma zaman aure a ƙasarmu ya isa hujja. Zawarawa nawa ne suka sami natsuwa a aure na biyu ko na uku, har suke cewa dā can ba su san aure ba? Baitin yana da daɗi a baki, shi ya sa ya rayu, amma ya cutar da mutane da yawa da suka ɗauke shi doka.

Akwai wani nau'in na daban da ya kamata ki sani, don shi ne mai haɗari, kuma ya yi yawa a kasuwa. Shi ne waƙar da ake yabon sabuwa don tsohuwa ta ji. Za ki gane ta da kalmomin gasa: na sami wadda ta fi ki, yau ga shi kina cizon yatsa, wadda kika raina. Asalinta habaici ne, salon da mata suka gwanance a kai tun a waƙoƙin daka da niƙa, inda ake rera wa turmi magana kishiya na tsakar gida tana ji. A irin wannan waƙa sabuwar masoyiya sanda ce kawai da ake dukan wata da ita, ko da baiti goma aka yi ana yabonta. Da irin wannan aka turo miki, da amsata ta sha bamban. A taki babu gasa ko ɗaya. Mawaƙin bai ma nuna ya damu waccan ta san halin da yake ciki ba.

Wani abu kuma da ya ja hankalina: ba ki ambaci muryar mace ba. Waƙoƙin soyayya na fim, waɗanda ake kira nanaye, tun da suka bunƙasa tare da finafinan Kano a shekarun 1990, sun ɗauki zubin saurayi ya yi baiti budurwa ta amsa, zubin da masu kallo suka riga suka saba da shi daga finafinan Indiya. A wannan tsari, da namijin ya ce yana tsoro, macen za ta karɓa a baiti na gaba ta rantse ba za ta ci amana ba, kafin minti biyar an warke an koma rawa. Waƙar da murya ɗaya ta ɗauka daga farko har ƙarshe, ta kuma rufe a kan roƙo, ta bar gurbin baitin macen a buɗe. Tana ƙarewa ne ba a amsa ba. Wannan shi ya sa irinta take da daɗin turawa: mai turawa ya ari bakin mawaƙi ya yi nasa baitin, saura na wadda aka tura wa.

Kada kuma kiɗan ya ruɗe ki in mai zafi ne. Mawaƙi yana so a sa waƙarsa a gidan biki da cikin A Daidaita Sahu, don haka kalmomin kuka a kan gangar rawa abu ne da aka saba. Ma'ana a baki take.

To amma tunda nazari kika nema, ba zan tsaya a yabon waƙar ba. Tana da zalunci a cikinta, ko da mawaƙin bai nufa ba. "Kada ki yi mini" magana ce da ke ɗauke da tuhuma. Ba a ce wa mutum kada ka yi sai an ƙaddara zai iya. Yarinyar da ba ta yi komai ba sai alheri, wadda ta dawo masa da barci da bakinsa, ita ake tsayarwa ta yi rantsuwa a kan laifin da wata ta aikata. Roƙo ne mai taushi in an yi shi sau ɗaya. In ya zama abincin kullum, sai ya koma sarƙa: duk ranar da ba ta ɗaga waya ba, duk ranar da ta gaisa da ɗan'uwanta a hanya, sai a jawo tsohon labari a shimfiɗa mata.

Sannan baiti na biyu bakin mutum ɗaya ne. Wannan aibi ne na kusan duk waƙoƙin yaudara da maza suke yi, kuma yana ba ni haushi. Kullum labarin ɗaya ne: na so ta, mai kuɗi ya zo, ta bi shi. Ba a taɓa jin cewa wataƙila saurayin ya shekara biyar yana zuwa zance ba tare da ya fito ba, ƙannenta biyu sun yi aure, mahaifinta ya gaji ya ce ko ya turo ko ya ba wasu wuri. Ba a jin cewa wataƙila yarinyar ba ta da ta cewa, kuka ta yi har aka kai ta. Ba a jin abin da binciken iyaye ya tono. Mata ma suna da nasu labarin da ya fi wannan ɗaci, na wadda aka ɓata wa shekaru sai ta tsinci katin ɗaurin auren saurayinta a waya, amma waƙoƙin da ke ɗauke da wannan ɓangaren ba su kai na maza yawa ba. Waƙa ba kotu ba ce, ba a tilasta mata jin ɓangare biyu. Ke mai sauraro ce ya kamata ki tuna akwai wanda ba a ji ba.

Mu dawo kan mutuminki. Namiji Bahaushe an tarbiyyantar da shi a kan kada ya ce yana jin tsoro, balle a gaban wadda zai aura. Zai iya cewa yana son ki, wannan an sassauta shi yanzu. Amma ya zauna a kan tabarma ya ce miki har yau in ya tuna ranar da aka dawo da kaya jikinsa yakan yi sanyi, kuma kusantowar ranarku tana tayar masa da wannan, abu ne mai nauyi a harshensa. Waƙa tana ɗauke masa nauyin. In kika karɓa da kyau, ya faɗi abin da ke ransa. In kika ɓata rai, zai ce ai waƙa ce kawai, kiɗan ne ya yi masa daɗi. Turowa da daddare ba tare da rubutu ba ya yi kama da haka. Kuma ki lura da lokacin: wanda aka taɓa fasa aurensa bayan sa rana, tsakanin sa rana da ɗaurin aure ne mafi wuyar zama a gare shi, domin a daidai nan aka kayar da shi. Sau da yawa irin wannan fargaba, da an shafa fatiha an watse, takan ragu.

Shari'a ta yanka wa mace idda bayan saki, ta yanka wata huɗu da kwana goma bayan mutuwar miji, amma ba a yanka wa zuciya wa'adi ba, mace ko namiji. Mutane sukan ce sai mutum ya manta sarai kafin ya shiga wata soyayyar, in ba haka ba huce haushi yake yi. Binciken da Claudia Brumbaugh da Chris Fraley suka wallafa a 2015 bai goyi bayan wannan ba: waɗanda suka shiga sabuwar alaƙa sun fi samun yarda da kansu da kuma sakin tsohon a zuci fiye da waɗanda suka zauna jira. Sau da yawa a cikin sabon zaman ake ƙarasa warkewa. Tuna abin da ya wuce kuma ba cin amana ba ne. Nana A'isha da kanta ta ce ba ta yi kishin wata mace kamar yadda ta yi kishin Nana Khadija ba, alhali ba ta taɓa ganinta ba, saboda yawan ambatonta da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi. Wancan ambato ne na alheri ga wadda ta rasu, ba irin na waƙarki ba, amma ya nuna cewa jin zafi don an ambaci wadda ta riga ki abu ne na ɗan Adam, ba sai kin zargi kanki a kai ba.

Abin da zai raba miki gardama halinsa ne. Mai tsoro yakan ba da labarin sau ɗaya ko biyu, a gajarce, ya ƙi komawa. Yakan so a gaggauta biki, yakan yawaita tambayar ko Baba ya ce wani abu. Mai bege kuwa yana jin daɗin labarin, yana faɗaɗa shi, ya san unguwar da take aure da yawan 'ya'yanta, kuma wata rana zai ce miki ita ba haka take yi ba. Mai huce haushi zai matsa a sa hotunanku a inda ya san za ta gani. In tsoron ya fara zama binciken wayarki da hana ki zuwa gidan 'yan'uwa, wannan ya wuce abin da za ki lallasa, magana ce da ya kamata wani babba a gidanku ya sani tun kafin a ɗaura.

Shawarata kada ki mayar masa da wata waƙar, don haka za ku yi ta aiken mawaƙa a tsakaninku ba wanda ya yi magana. Kada kuma ki yi masa dogon rubutun rantsuwa. Ki bari sai ya zo zance, bayan an gaisa an natsu, ki ce kin saurari waƙar ta yi daɗi, sannan ki tambaye shi wane baiti ne ya sa ya turo miki. In ya ce na farko, ki karɓi yabonki ki yi godiya. In ya ce amshin, ki bar shi ya yi magana ba tare da kin katse shi ba, ko da zai yi ta kewaye-kewaye, sannan ki gaya masa a fili cewa kin ji, kuma ke ba za ki iya ɗaukar alhakin abin da ba ki yi ba, abin da za ki iya shi ne ki riƙe naki alƙawarin. In kuwa ya ce na ukun ne, ki tambaye shi abin da yake ji idan dariyar ta zo masa, ki kalli fuskarsa lokacin da yake amsawa. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya.